SHARE FUSKAR KWAMFUTARKA: YADDA A KE GYARA LAYUKAN KAYAN AIKI NA BURAUZA

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela mai tsari ya ga yadda ya ke shirya teburinsa. Ba ya barin kome a kai sai almakashi, da alli, da ma'auni, da yadin da ya ke yankawa a sa'an nan. Zare, da allurai, da ƙyallayen jiya, duk suna cikin akwati ko bisa kanta, inda hannunsa zai kai gare su in bukata ta taso. Da zai jibge su duka bisa tebur, da bai sami wurin shimfiɗa yadi ba, wata rana kuma sai ya ɓata rigar mutane.

Fuskar kwamfuta ita ce teburin mai aiki da intanet. An shirya wannan ɗan littafi domin akawuna, da malamai, da 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da duk wanda ya ke cika takardu ko neman labari ta kwamfuta, don a nuna masa yadda zai share wannan tebur. Aikin ba ya cin ko kwabo, ba ya bukatar mai gyara, rabin sa'a kuwa ta ishe shi. Amfaninsa uku ne: sauƙin karatu ga ido, da saurin aiki, da tsare dukiya da asiri daga macuta.

MENE NE LAYIN KAYAN AIKI?

Burauza ita ce manhajar da a ke buɗe shafukan intanet da ita. Waɗanda aka fi sani a yau su ne Chrome ta kamfanin Google, da Edge ta Microsoft, da Safari ta Apple, da Firefox ta Mozilla, da kuma Opera. Ko da ya ke sunayensu sun bambanta, gininsu kusan ɗaya ne. In ka buɗe kowacce za ka ga ta kasu kashi biyu, kamar taga da katakon da ya kewaye ta. Tsakiya ita ce shafin da ka zo karantawa. Kewayen kuwa, musamman daga sama, shi ne inda aka jera kayan aiki layi layi. Ga su bi da bi:

1. Layin kunnuwan shafuka. Kowane shafin da ka buɗe yana da ɗan kunne a can sama mai ɗauke da sunansa, kamar kunnen fayil a ofis.

2. Layin adireshi. A nan akwatin adireshi ya ke, inda a ke rubuta sunan wurin da za a je. Kusa da shi akwai kibiyar komawa baya, da ta ci gaba, da maɓallin sake buɗe shafi.

3. Layin alamu. Nan a ke jera sunayen shafukan da mutum ya yi wa alama don ya koma musu.

4. Layin umarni, wanda a ke ganin kalmomin File, da Edit, da View a kansa.

5. Kayan ƙari, watau ƙananan manhajoji da a ke ɗora wa burauza, kowanne da ɗan hotonsa a ƙarshen layin adireshi.

6. Layin gefe, wanda waɗansu burauzoji su ke tsayarwa a dama ko a hagu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ranarsa. Laifin ba na kayan ba ne, na barinsu duka a shimfiɗe ne a kowane lokaci.

INDA CUNKOSON YA SAMO ASALI

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ya ƙago burauza ta farko a shekarar 1990, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a ƙasar Suwizalan. A 1993 aka fito da Mosaic a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka, a 1994 Netscape ta biyo baya, a 1995 kuma Microsoft ya kawo Internet Explorer. Burauzojin wancan zamani suna da manyan maɓallai, kowanne da hoto da suna, gama jama'a ba su riga sun saba da abin ba.

Amma akwai abubuwan da suka rasa. Internet Explorer ba ta sami kunnuwan shafuka da akwatin bincike a bisa layinta ba sai a 2006. Saboda wannan giɓi waɗansu kamfanoni suka shiga ƙera nasu layukan, mutum ya ɗauko ya ɗora. Google ya fito da nasa a watan Disamba na 2000, Yahoo ma yana da nasa, haka kamfanin Ask. Da farko abin taimako ne, gama ta nan a ke bincike ba tare da an fara buɗe wani shafi ba.

Daga baya sai abin ya zama kasuwa. Duk binciken da mutum ya yi ta wani layi, mai layin yana samun kuɗin talla. Saboda haka aka riƙa cusa layukan a cikin waɗansu manhajojin kyauta. Mutum ya zo ɗora wani abu dabam, ya yi ta danna maɓallin yarda bai karanta ba, sai ya wayi gari da baƙon layi a burauzarsa, an kuma sauya masa wurin bincike. Shekaru da dama layin Ask yana zuwa tare da manhajar Java ta wannan hanya, har a 2015 Microsoft ya sa tsofaffin samfuransa cikin jerin manhajojin da ba a so. A wancan lokaci ba abin mamaki ba ne ka shiga shagon intanet ka tarar da layuka shida ko bakwai sun hau kan juna. Da ma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

A 2008 Google ya fito da Chrome da wani tsari dabam. Ya kawar da layin umarni, ya haɗa akwatin adireshi da na bincike suka zama ɗaya, ya mai da kunnuwan shafuka can ƙololuwa. Sauran burauzoji suka bi sawu kaɗan kaɗan. A 2017 Firefox ta daina karɓar tsohon irin kayan ƙari, a ƙarshen 2021 Google ya janye layinsa na dā, a watan Yuni na 2022 kuma Microsoft ya sallami Internet Explorer. To, waɗancan dogayen layuka sun kau, amma cunkoso bai kau ba, kama ce kawai ya sake. A yau yana zuwa ne ta kayan ƙari, da layin gefe, da maɓallan saye da sayarwa, da kunnuwa talatin a buɗe, da alamun da ba a taɓa sharewa ba.

ƁARNAR DA CUNKOSO KE YI

Ta farko ita ce cin wuri. Hoton da ke fuskar kwamfuta ƙananan ɗigogi ne aka jera. Ƙananan kwamfutocin cinya da yawa suna da ɗigo 1366 a faɗi, da 768 a tsaye. Ka lura, faɗin ya kusa ninka tsayin. Shafukan intanet kuwa daga sama zuwa ƙasa a ke karanta su, layukan kayan aiki kuma a kwance su ke. Watau suna cin wurin ne ta inda ya fi ƙaranci. Mu ƙaddara kowane layi ya ci ɗigo 30. Layi biyar sun ci 150 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayin fuskar. Layi bakwai kuwa 210, fiye da rubu'i. Wanda ke cika takardar neman aiki ko ta rajistar jarrabawa a irin wannan fuska, sau da yawa gargaɗin da aka rubuta a ƙasan shafi, ko maɓallin aikawa, yakan ɓuya masa. Sai ya tashi yana tsammani ya gama, alhali takardar ba ta tafi ba.

Ta biyu ita ce raba hankali. Ido ba ya iya ƙyale abin da ke motsi ko mai jan launi. Kowane ɗan hoto mai lamba a kansa kira ya ke yi, mai aiki kuwa in ya amsa kira goma a sa'a guda, aikin sa'a sai ya zama na yini.

Ta uku ita ce nauyi. Kowane kayan ƙari da ke aiki, da kowane shafin da ke buɗe, yana cin rabonsa daga ƙwaƙwalwar kwamfuta da batirinta. Waɗansu shafuka kuma suna ci gaba da jawo labari ko ba a duban su, kuɗin data yana tafiya a banza. Inda wutar lantarki ba ta zama, batirin da aka tanada riba ce.

Ta huɗu, wadda ta fi duka, ita ce haɗari. Kayan ƙari da yawa suna neman izinin karanta duk abin da ke shafukan da ka buɗe, da kuma sauya shi. In mai kayan amintacce ne, to. In kuwa macuci ne, yana iya ganin abin da ka rubuta a shafin banki, ko ya cusa maka tallace-tallace, ko ya karkatar da kai wani wuri. A fuska mai tsabta baƙon abu nan da nan ya ke bayyana. A cikin tarkace kuwa sai ya shekara ba a gane shi ba.

ƘA'IDAR KASHI UKU

Kafin ka taɓa kome, ka ɗauki takarda da alƙalami, ka dubi saman burauzarka daga hagu zuwa dama, ka rubuta duk abin da ka gani. In ba ka san sunan wani maɓalli ba, ka ɗora kibiyar linzami a kansa ba tare da ka danna ba, sunansa zai fito. Sa'an nan ka kasa su uku.

Kashi na farko, abin da ka ke taɓawa kowace rana. Wannan ya zauna a sarari.

Kashi na biyu, abin da ka ke bukata jefi-jefi, kamar maɓallin buga takarda ko na tarihin shafukan da ka ziyarta. Wannan a ɓoye shi. Bai ɓata ba, yana nan cikin babban jerin umarni, wanda a ke buɗewa da ɗigo uku ko zane uku a kusurwar dama ta sama.

Kashi na uku, abin da ba ka san shi ba, ba ka tuna ranar da ka ɗora shi ba, ko ka yi wata uku ba ka taɓa shi ba. Wannan a cire shi ɗungum.

Akawun da ke buga wasiƙu kullum zai bar maɓallin bugawa a sarari, ɗan makaranta kuwa zai fi son na sauke littattafai. Ba wani tsari guda da ya dace da kowa. Ma'aunin shi ne aikinka.

DABARUN DA SUKA GAME DUKA

Waɗannan suna aiki a Chrome, da Edge, da Firefox, a kwamfuta mai Windows. Inda aka ambaci maɓallai biyu ko uku, tare a ke danna su a allon haruffa.

Ctrl da Shift da B suna ɓoye layin alamu. In ka sake dannawa ya dawo. Wannan kaɗai ya mayar maka da layi guda cur.

F11 yana kawar da dukan layuka, shafi ya cika fuska. Shi ne kuma ya ke mayar da su. A waɗansu kwamfutocin cinya sai an haɗa shi da maɓallin Fn.

Ctrl da L suna kai ka akwatin adireshi. Ctrl da D suna yi wa shafi alama. Ctrl da P suna buga shi a takarda. Ctrl da W suna rufe shafin da ka ke kai, in kuwa ka rufe bisa kuskure, Ctrl da Shift da T su dawo da shi. Wanda ya haddace waɗannan ba shi da bukatar maɓallansu a fuska.

In rubutu ya yi maka ƙanana, Ctrl da alamar tarawa suna ƙara girmansa, Ctrl da alamar ɗebewa suna ragewa, Ctrl da 0 su mayar da shi yadda ya ke.

In kana son layin alamu ya zauna, to, ka tsabtace shi. Ka danna dama a kan kowace alama, watau da maɓallin dama na linzami, ka gajarta sunanta, ko ka share sunan ɗungum ya rage ɗan tambarin wurin kaɗai. Ta haka alamu ashirin za su shiga inda shida su ke cikawa a dā. Waɗanda suka danganci juna kuma ka tara su a jaka ɗaya, misali jakar ofis, da ta makaranta, da ta labarai.

KOWACE BURAUZA DA HANYARTA

Kamfanoni sukan sauya wurin umarni daga lokaci zuwa lokaci, saboda haka in ba ka ga kalma daidai inda aka faɗa ba, ka duba kusa da nan. An rubuta kalmomin yadda su ke fitowa a fuska da Turanci.

Firefox. Ita ta fi ba da dama a wannan fanni. Ka danna dama a wani fili na layin kayan aiki, ka zaɓi "Customize Toolbar". Wani shafi zai buɗe mai ɗauke da dukan maɓallai. Wanda ba ka so, ka kama shi da linzami ka jawo shi ƙasa ka sake. Wanda ka ke so, ka jawo shi sama. Akwai kuma ɗan rumbu a gefen dama inda a ke zuba na jefi-jefi. In ka gama ka danna "Done". In ka rikice, "Restore Defaults" yana mayar da kome yadda ya zo. Layin alamu kuma a nan ana iya cewa ya riƙa fitowa a sabon shafi kaɗai. Layin umarni in an ɓoye shi, danna Alt yana fito da shi na ɗan lokaci.

Chrome. A ƙarshen layin adireshi akwai ɗan hoto mai kama da gutsuren wasan haɗa hoto. In ka danna shi za ka ga dukan kayan ƙarinka, kowanne da alamar ƙusa a gefensa. Wanda ka kafa wa ƙusa zai zauna a sarari, wanda ka zare wa ya koma ciki. Don sauran maɓallai, ka buɗe sabon shafi, ka danna "Customize Chrome" a ƙasa, ka nemi "Toolbar", ka kunna ko ka kashe abin da ka ga dama.

Edge. Ita takan zo da maɓallai da yawa tun daga kamfani. Mafi yawansu in ka danna dama a kansu za ka ga umarnin ɓoyewa. Sauran suna cikin "Settings", ƙarƙashin "Appearance". Tun 2021 Edge tana iya jera kunnuwan shafuka a tsaye a gefen hagu, Firefox ma ta sami haka a 2025. Wannan dabara ce mai kyau, gama tana cin wuri ne daga faɗi, inda a ke da yalwa, ta bar tsayi.

Safari. A kwamfutar Apple ka shiga "View", ka zaɓi "Customize Toolbar", ka ja maɓallai kamar yadda aka faɗa game da Firefox. A irin wannan kwamfuta maɓallin Command shi ne ke tsayawa a matsayin Ctrl a yawancin dabarun da aka ambata.

ƁOYEWA DABAM, CIREWA DABAM

A nan mutane da yawa su ke kuskure. In ka zare ƙusar kayan ƙari, hotonsa ne kawai ya ɓace. Shi kansa yana nan yana aiki, da dukan izinin da ka ba shi. Wanda ya tura shara ƙarƙashin gado bai share ɗaki ba.

Don ka ga jerinsu duka, ka rubuta chrome://extensions a akwatin adireshi in Chrome ce, ko edge://extensions in Edge ce, ko about:addons in Firefox ce. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi wa kanka tambaya uku. Ni na ɗora shi? Me ya ke yi mini? Izinin da ya nema ya yi daidai da aikinsa? Kayan da aikinsa nuna yanayin sama ne, ba shi da dalilin karanta dukan shafukanka. In kana shakka, ka kashe shi na mako guda. In ba ka ji rashinsa ba, ka cire.

In ka cire wani abu ya sake dawowa, ko ka ga wurin bincikenka yana sauyawa da kansa, to, tushen yana cikin kwamfutar ne, ba a burauza kaɗai ba. Ka shiga jerin manhajojin Windows ta "Settings" da "Apps", ka nemi baƙon suna ka cire shi. Sa'an nan ka mayar da burauzar asalinta: a Chrome da Edge umarnin yana ƙarƙashin "Reset settings", a Firefox kuwa "Refresh Firefox" a ke ce da shi. Wannan ba ya share alamunka ko kalmomin sirrin da ka ajiye.

Daga yau kuma, in kana ɗora wata manhaja, ka karanta kowane shafi kafin ka yarda, ka cire alama daga duk akwatin da ke tayin ƙarin kyauta. Kada ka ɗauko kayan ƙari sai daga rumbun burauzar na ainihi. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA BA A ƁOYEWA

Duk sharar da za ka yi, akwai abu guda da lalle ya zauna a gaban idonka, shi ne akwatin adireshi. Macuci yana iya kwaikwayon shafin banki ko na hukuma, da tambari da launi da kome, har ma'aikacin wurin ya kasa bambancewa. Abin da ba ya iya ɗauka shi ne adireshin ainihi. Sai dai ya yi mai kama da shi, ya ƙara harafi ko ya sauya ɗaya. Saboda haka akwatin adireshi shi ne mai gadin ƙofarka. A Nijeriya, misali, an keɓe adireshin da ke ƙarewa da gov.ng domin hukumomin gwamnati. Ka duba sunan da ke gab da zanen karkace na farko, gama shi ne ainihin wurin da ka ke.

Don haka F11 na karatu ne da kallo. Kada ka rubuta kalmar sirri, ko lambar katin banki, ko lambar shaidar ɗan ƙasa, alhali layukan suna ɓoye. In kuwa wani shafi ya cika fuska da kansa, yana razana ka cewa kwamfutarka ta kamu, ka kira wata lamba, kada ka kira. Ka danna Esc ko F11, ka rufe shafin.

Har wa yau, kada alamar kwado da a ke gani kusa da adireshi ta rufe maka ido. Ma'anarta ita ce saƙon da ke tsakaninka da shafin a rufe ya ke tafiya, ba wai mai shafin mutumin kirki ba ne. Saboda yawan wannan rashin fahimta Chrome ta sauya alamar da wata dabam a 2023.

WAYAR HANNU

A waya wurin ya fi ƙaranci, amma an riga an taƙaita kayan. Layin adireshi yakan noƙe da kansa in kana gangarawa cikin shafi, ya dawo in ka ja sama. Tun 2021 Safari ta wayar iPhone ta sauko da shi ƙasa inda babban yatsa ya ke kaiwa, mai so kuma yana iya mayar da shi sama. Babban cunkoson waya shi ne shafukan da aka bari a buɗe, waɗanda sukan kai ɗari ba a sani ba. Ka riƙa rufe su kowane mako. Kada kuma ka yarda wa kowane shafi ya riƙa aiko maka da sanarwa, sai wanda ka san amfaninsa.

In dogon rubutu za ka karanta, a waya ko a kwamfuta, ka nemi yanayin karatu, wanda ke kawar da tallace-tallace ya bar rubutu zalla. A Firefox da Edge na Windows, F9 ne ke buɗe shi a shafukan da suka dace.

KWAMFUTAR OFIS DA TA TARO

Kwamfutar da ba taka ba ce, kada ka gyara ta sai da izinin mai ita. A ofisoshi da makarantu akan sa waɗansu kayan ƙari da gangan domin tsaro, har a kulle su. In ka ga baƙon abu, ka sanar da mai kula da na'urori. Shugabannin ofisoshi kuwa ya kamata su sa a riƙa duba burauzojin ma'aikata a kai a kai, kamar yadda a ke ƙidayar kayan sito. Masu shagunan intanet ma wannan nauyi yana wuyansu, gama jama'a suna ba su amanar asirinsu.

TAMBAYOYIN DA A KAN YI

In na ɓoye layin alamu, alamuna sun ɓata? A'a. Suna nan a ajiye. In ka fara rubuta sunan wurin a akwatin adireshi ma zai fito.

Gyaran zai ƙara saurin intanet? Ɓoye maɓalli ba ya ƙara sauri. Cire kayan ƙari da rufe shafuka su ne ke sauƙaƙa wa kwamfuta, saurin layin kuwa yana hannun kamfanin sadarwa.

In na ɓata wani abu fa? Ba abin da ba ya gyaruwa a nan. Kowace burauza tana da hanyar komawa asali, kamar yadda aka bayyana.

Sau nawa za a yi wannan shara? Sau ɗaya a wata uku ya isa, da kuma duk ranar da ka ga sabon abin da ba kai ka sa shi ba.

A TUNA

Na kullum a sarari. Na jefi-jefi a ɓoye. Baƙo a cire shi. Adireshi kuwa a gaban ido ko yaushe.

Jama'a, kada a jira sai ranar da za a rufe rajista, ko ranar da kuɗi suka fita daga asusu, kāna a tuna da wannan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kai da ka karanta, ka gwada yau a kwamfutarka, sa'an nan ka nuna wa abokin aikinka, da yaran gidanku, da dattijon da idonsa ya fara rauni, don shi ma ya sami sarari ya karanta abin da ya zo nema.